Lafiyar Dabbobin Zakka da Wakafi: Abin da Iyakar Jibiya Ta Koya Mana

Kowace shekara, idan muka gabatar da lissafin kuɗin wannan gidauniya, akan sami wasu daga cikin masu ba da zakka da masu kafa wakafi su tsaya a kan layi guda suna neman bayani, wato layin kuɗin allurar rigakafi da killace dabbobi da ladan malaman dabbobi. Tambayarsu tana bisa hanya: ina ruwan gidauniyar da aka kafa domin talakawa da marayu da aikin asibitin dabbobi? Mun ga ya dace mu ba da amsar a nan, tare da bayanin cututtukan da suka fi damun dabbobi a yankin Jibiya, da yadda ake gane su, da abin da ake yi musu.

Inda shari'a ta ɗora mana nauyi

Zakkar dabbobi tana da nisabinta sananne. A shanu 30 ana fitar da maraƙi wanda ya cika shekara biyu, a 40 kuma saniyar da ta cika shekara uku ta shiga ta huɗu, bisa mazhabar Malikiyya. A tumaki da awaki, daga 40 zuwa 120 guda ɗaya ake fitarwa. A raƙuma kuwa, da zarar sun kai 5 sai a ba da tunkiya ko akuya. Amma shari'a ba ta tsaya kan adadi kaɗai ba. A cikin wasiƙar da Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa Anas ɗan Malik lokacin da ya aike shi Bahraini, an hana karɓar tsohuwar dabba da mai aibi. Malamanmu sun ƙara bayani cewa ko da garken mutum duka marasa lafiya ne, sai ya nemo matsakaiciya mai lafiya ya bayar. Haka nan ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da raƙuman wani masu lafiya.

Ashe ke nan ma'aikacin zakka da bai iya bambance dabba mai lafiya da marar lafiya ba, bai cika sharaɗin aikinsa ba. Mu ma sai da muka ɗanɗana kafin mu gane. A wani rabo na shekarun baya mun sayi awaki a kara, muka raba wa zawarawa cikin makon nan ba tare da mun tsare su ba. Kafin kwana goma ciwo ya ɓulla, ya kashe wasu daga cikin waɗanda muka bayar, ya kuma haɗa da 'yan awakin da matan suke da su tun asali. Mun je da niyyar taimako, muka bar wasu gidaje cikin halin da ya fi na da muni. Daga nan muka sauya tsari.

Dalilin da ya sa Jibiya ta fita daban

Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta ratsa Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Bayan kaka, idan ciyawa ta ƙare a arewa, garkuna sukan gangaro kudu cin rani, da faɗuwar damina kuma su koma. Fatake suna shigo da shanu da raguna da jajayen awakin Maraɗi domin kasuwannin Nijeriya, musamman gab da babbar salla. A kara da mashaya da burtali, dabbar da ta fito daga nesa takan haɗa numfashi da ta gida, ciwo kuwa ba ya neman izinin ma'aikacin kan iyaka.

Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tsara takardar shaidar ƙetare iyaka da garke, wadda ke nuna yawan dabbobi da alluran da aka yi musu. Sai dai iyakar Jibiya ta kasance a rufe daga Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Duk lokacin da aka rufe babbar hanya, dabbobi sukan bi ta daji, inda babu mai duba bakinsu balle takardarsu. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ɓarayin shanu a kewayen dajin Rugu, wadda ta sa a 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Jibiya, ta kuma hana masu allura isa rugage masu yawa. Inda allura ta daina zuwa, nan ciwo yake samun mafaka.

Matakin farko: ido da hannu

Gane ciwo yana farawa tun kafin a taɓa dabba. Mai lafiya takan bi garke, tana ci tana tuƙa, hancinta da danshi, gashinta a kwance. Wadda ta ware gefe, ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, ita ce abar tuhuma. Sai a kama ta a buɗe baki a duba dasashi da harshe, a janye fatar ido a ga ko ja ce ko ta yi fari, a shafa ƙarƙashin haɓa da gaban kafaɗa ko akwai kumburi, a ɗaga ƙafa a duba tsakanin kofato, a dubi kashi da fitsari. Daga nan sai ma'aunin zafin jiki. Saniya mai lafiya takan tsaya tsakanin 38 da 39 da rabi a ma'aunin Salsiyas, tumaki da awaki sukan ɗan ɗara haka kaɗan. Abin da ya haura 40 da sanyin safiya, dabba tana hutawa, zazzaɓi ne.

Tambayar mai dabba ma rabin bincike ce: yaushe aka sayo ta, daga wace kasuwa, ina ta sha ruwa, nawa suka kamu, nawa suka mutu. Makiyayi ya san garkensa fiye da kowa, kuma sau da yawa shi ke fara faɗin sunan ciwon. Amma cututtuka da dama suna kama da juna, don haka tabbaci sai an ɗebi jini ko majina ko kashi an kai ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Cututtukan da allura ce kaɗai garkuwarsu

Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR ita ce ta fi shafar aikinmu, domin akuya ita ce dukiyar matalauciya. Takan fara da zazzaɓi mai zafi, sai majina da kwantsa har su toshe hanci su manne ido, sai gyambo a baki, sai zawo mai wari da tari. Takan bayyana cikin kwana 4 zuwa 6 da kamuwa, kuma a garken da bai taɓa samun allura ba tana iya kashe mafi yawansa. Babu maganin da ke kashe ƙwayarta. Abin da ake yi wa wadda ta kamu shi ne a ware ta, a ba ta ruwa da abinci mai laushi, a wanke baki da ido, likita ya ba da maganin ciwon huhu da ke biyo baya. Allurar rigakafinta kuwa, wadda aka samo daga ƙwayar da aka gano a Nijeriya a 1975, sau ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. A taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita kafin ƙarshen 2030.

Ciwon huhu na shanu ya fi ta wayo. Saniya takan tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi da busasshen tari, musamman in an kora ta. Idan aka yanka, mahauci yakan tarar da ruwa rawaya a ƙirji, huhu ya taurare ya manne da haƙarƙari. Yana iya ɓoyewa daga mako uku har watanni kafin ya fito, kuma wadda ta yi kamar ta warke tana iya ci gaba da yaɗa shi. Shi ya sa allurar da makiyayi ke saya a kasuwa ya yi da kansa takan kwantar da tari kawai, ciwon yana nan. Rigakafinsa sai an maimaita kowace shekara.

Boru, wato ciwon baki da kofato, ana gane shi da dalalar yawu da ƙuraje masu fashewa a harshe da tsakanin kofato da kan nono, da ɗingishi. Bai cika kashe manya ba, amma yana kashe 'yan maruƙa, yana ƙafar da nono, yana kwantar da shanun huɗa. In ya zo a farkon damina, manomi ya rasa noman shekara.

Ciwon saifa shi ne mafi haɗari ga mutane. Dabba takan faɗi ta mutu farat ɗaya, cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, ba a jan sa a ƙasa, ba a cire fatarsa. A kira likita, a ƙone shi ko a binne shi cikin rami mai zurfi, domin ƙwayar tana rayuwa cikin ƙasa shekaru masu yawa. Dabbar da ta faɗi ba zato, kada a yi gaggawar sa mata wuƙa domin a ceci nama. Harbin daji ma yana kashe matasan shanu masu ƙiba cikin kwana ɗaya ko biyu, da kumburin cinya ko kafaɗa mai ƙara in an danna. Dukansu biyu suna da allurar shekara-shekara.

Masu shakkar allura su tuna da bushiya. Ta share garkunan ƙasar Hausa da na Fulani a wajajen 1890, ta sake dawowa a 1983 ta talauta gidaje marasa iyaka. Da allura aka bi ta ƙasa-ƙasa, har aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011.

Cututtukan da ke jin magani

Ciwon hanta yana zuwa ne daga tsutsar da ke girma cikin katantanwar ruwa, dabba ta haɗiye ta da ciyawar fadama ko ta bakin madatsar ruwa irin ta Jibiya. Alamunsa rama, da farin ido, da kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa. Tsutsar ciki ma haka take yi wa tumaki da awaki da damina. Maganin tsutsa yana aiki in an ba da shi daidai nauyin dabba kuma a kan lokaci, wato farkon damina da ƙarshenta. Sammore, wanda ƙudan tsando ke ɗauka, yakan biyo shanun da suka yi cin rani a kudu; dabba tana ci amma tana ramewa, idonta na hawaye. Yana da allurarsa, bayan an duba jini. Kirci yana fitowa da ɓawo a gadon baya lokacin ruwa, kuma kaska na ƙara masa ƙarfi, don haka cire kaska rabin maganinsa ne. Yawan ɓari a garke kuwa alama ce ta bakkale, wanda ke kama mutum ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mahaifa da hannu tsirara. A tafasa madara, a binne abin da aka ɓarar.

A nan muna jan hankali kan magungunan da ake shanyawa a rana a kasuwa. Araha ba ta ado: wani jabu ne, wani ya lalace, wani kuma rabin awo ake yi da shi, sai ƙwayar ciwo ta saba da shi ta daina ji. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta, kuma kiyaye wannan amana ce a wuyan mai sayarwa.

Tsarin da muke bi yanzu

Duk dabbar da ta shigo hannunmu, ta zakka ce ko wadda muka saya, malamin dabbobi ne ke fara duba ta. Sai a tsare ta kwana 21 a keɓe, da mazubin ruwanta da na abincinta daban, a yi mata rigakafi da maganin tsutsa da na kaska, a sa mata alama a kunne. Allurar rigakafi muna karɓarta ne ta hannun ofishin kula da dabbobi na gwamnati, cikin akwatin sanyi, kuma wadda aka haɗa da ruwa ba ta kwana. Kafin ranar rabo, ana yi wa dabbobin unguwar da za a kai su allura, na mai karɓa da na maƙwabta, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Duk ciwon da muka ga alamar annoba ce, muna sanar da hukuma a ranar.

Game da kuɗin wannan aiki, kwamitin malamanmu ya ba da shawara cewa zakka haƙƙin waɗanda Alƙur'ani ya ambata ce, a damƙa musu ita cikakkiya. Saboda haka ba a taɓa ta domin sayen allura ko gina turke. Daga ribar wakafi da sadakar ganin dama ake biyan wannan layi, kuma shi ya sa yake fitowa daban a cikin lissafi.

Muna roƙon masu fitar da zakkar dabbobi su sanar da mu tun kafin shekara ta zagayo, domin a duba garke a ruga maimakon a kara. Masu niyyar kafa wakafi kuma muna tuna musu cewa firjin ajiye allura mai aiki da hasken rana, da rijiyar shayar da dabbobi, da fili na killacewa, duka suna cikin sadaka mai gudana. Allah ya sanya albarka a dukiyar masu bayarwa, ya wadata masu karɓa, ya dawo mana da zaman lafiya a Jibiya da kewayenta. Amin.