Tsohuwar mota tana son mai sani

Daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, daga Cadawa zuwa Agiye da Gazawa, babbar hanya mai lamba 1 ita ke ɗauke da arzikin ƙasa. Ranar kasuwa motoci cike suke da wake, aya, gujiya da bisashe. Mafi yawansu tsofaffi ne. Sun gama aiki a Turai kafin a sauke su a Kotonu ko Lome. Su ke kai amfanin gona kasuwa, su ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. In mota ta mutu a daji, ba direba kaɗai ya yi asara ba.

Tsofaffin motocin nan iri biyu ne.

Iri na farko shi ne kamar Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har 2006. Ita wannan, bakanike da kunne yake gane ciwonta. Ya saurari inji, ya wanke kafireta, ya goge filogi, sai ta tashi.

Iri na biyu yana da wani ɗan akwati da ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ke auna mai da iska, ita ke ba da wuta a kan lokaci. In ta ji matsala, sai ta kunna fitila gaban direba. Tun 2001 dokar Turai ta tilasta a sa wa motocin fetur wata kafa kusa da sitiyari. Nan ake jona na'ura, ta faɗi inda ciwon yake. Rufe fitilar ko yanke wayarta ba magani ba ne.

Abu uku ke yawan ƙona ƙwaƙwalwa: juya kan batir, yin walda ba a cire batir ba, da shigar ruwa wurin wankin inji. Gurɓataccen mai na kwalba kuma yana toshe hanyar mai.

Sai maganar giya. Giyar hannu tana jure yashi da turi. Giya mai canza kanta ba haka take ba. Turi ba ya tayar da ita, jan ta da igiya tafiya mai nisa yana lalata ta, kuma manta daban ne. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna, ciwo ya shiga. Shi ya sa wasu masu mota ke sa a mai da ita ta hannu. Aikin yana yiwuwa, amma sai an sa kuloci, an kuma daidaita wayoyi da ƙwaƙwalwa.

Akwai gyaran da ke kashe mutane. Ana ƙara ƙarafan baya don mota ta ɗauki buhu da yawa. Ƙarfe ya ƙaru, amma birki da taya suna nan yadda suke.

Manomin da ya sayar da amfaninsa zai sayi mota, ya tafi da bakanike amintacce, a jona na'ura kafin a biya kuɗi. Magabata sun ce araha ba ta ado.