Wayar Iska Da Mutanen Daji A Ƙasar Ostiraliya

Ka san Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, amma yaya mutum zai yi in tsakaninsa da maƙwabcinsa akwai tafiyar mil ɗari? Haka zaman waɗansu makiyaya ya ke a tsakiyar Ostiraliya, wata babbar ƙasa da ke can gabas mai nisa, teku ta kewaye ta. Tsakiyar ƙasar fako ce, ruwa kaɗan ne, ciyawa ba ta da yawa, saboda haka sai mutum ya sami fili mai faɗi ƙwarai kafin shanunsa da tumakinsa su ƙoshi. Kowane gida yana zaune shi kaɗai cikin daji. A da, in ciwo ya kama yaro, ko haihuwa ta zo wa mace da gardama, ba likita, ba mai kai labari.

A shekara ta 1917 wani makiyayi mai suna Darcy ya faɗi daga kan doki, ya ji mummunan ciwo a ciki. Aka ɗauke shi zuwa wani ɗan gari, Halls Creek, inda a ke da gidan waya. Mai gidan waya ya buga wa wani likita a birnin Perth, likita ya riƙa gaya masa yadda zai yi, shi kuwa ya yi wa majiyyacin aiki da 'yar wuƙar aljihu. Sa'an nan likita ya kama hanya da kansa, ya yi kusan mako biyu yana tafiya. Da ya iso sai ya tarar Darcy ya rasu tun jiya.

Labarin nan ya dami wani malamin mishan, John Flynn. Ya ga abu biyu su ne magani, jirgin sama da zai kai likita, da hanyar kiran likitan. Aka sami na fari a shekara ta 1928, likita ya fara tashi cikin jirgi daga garin Cloncurry. Amma ina amfanin likita mai fiffike in ba ya jin kira?

Ga yadda wayar iska ta ke aiki. In ka jefa dutse cikin tafki, ai ka kan ga ruwa ya yi zobe zobe, yana ta bazuwa har gaɓa. Haka ƙarfin lantarki ya ke bazuwa cikin sarari daga wata doguwar waya da a ke ɗaurawa a kan sanda, har wani akwati a nesa ya kama shi. Wahalar ita ce gidajen daji ba su da lantarki. Sai wani gwani, Alfred Traeger, ya ƙago inji mai matakai irin na keke. Mutum ya zauna yana tuƙawa da ƙafa, lantarki yana samuwa, hannuwansa kuwa suna buga saƙo. A shekara ta 1929 aka kafa na farko a wata gona da a ke kira Augustus Downs, matar gidan ce ta fara aika saƙo da shi. Ka ga ashe maganar Hausawa ta tabbata, da ƙafa aka sada zumuntan.

Da fari ba a jin murya, sai ƙara gajere da dogo, kowane harafi da nasa. Da ya ke koyon wannan da wuya, Traeger ya yi wani inji mai haruffa, ka danna harafi shi ya buga maka. Bayan 'yan shekaru aka iya yin magana baki da baki.

Daga baya aka raba wa gidaje akwatin magani, kowane magani da lambarsa. Uwa ta faɗi abin da ke damun ɗanta, likita ya gaya mata lambar da za ta ɗauko, da yawan da za ta ba shi. In abin ya fi ƙarfin akwati, jirgi ya taso. Aka kuma keɓe lokaci kowace rana domin hira, matan da su kan yi watanni ba su ga baƙuwar fuska ba su gaisa, su ji wa ya haihu, ina aka yi ruwa. A shekara ta 1951 aka buɗe makaranta ta wayar iska a Alice Springs, malama tana cikin gari, almajiranta kowa yana gidan ubansa.

Yanzu an daina tuƙa inji da ƙafa, tarho da intanet sun karɓi aikin. Amma likitocin jirgi suna nan suna tashi, makarantar kuma tana nan, hoton Flynn kuwa yana kan takardar kuɗinsu ta dala 20.

Ka lura da abu guda. Akwatin magani bai amfani kowa ba sai wanda ya iya karanta lambar da ke jikin kwalba. Kai da ka fara karatu, ka riƙe shi da kyau. Allah Ya sa mu dace.