Ɗakin da ake sake koyon numfashi a Haɗeja

Yawancin masu jiran layi a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Haɗeja masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu karaya. Amma akwai wasu da in ka gan su zaune za ka rantse lafiyarsu lau. Sai sun miƙe sun yi taku kaɗan haki zai tona musu asiri. Waɗannan su ne waɗanda ciwon huhu mai tsanani ya kwantar, aka sallame su, amma ƙarfi bai dawo ba.

Korona ce ta sa aka fara lura da irinsu. An tabbatar da shigowar cutar Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma a watan Mayu labarin yawan mace-macen dattawa a Haɗeja ya karaɗe jaridu, kamar yadda aka yi a Kano a Afrilu. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace larurar bayan korona: gajiya, haki ko ruɗewar tunani da kan bayyana wata uku da kamuwa, su kai aƙalla wata biyu.

Aikin ɗakin ba ya bukatar manyan injina. Ana maƙala wa majiyyaci 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa, ya yi ta kai da komo a baranda na minti shida, a auna nisan da ya ci. Ana koya masa ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar a hankali da leɓɓa a tsuke, hannunsa a kan ciki don ya ji yana tashi. Sai tashi da zama a kujera, domin doguwar kwanciya kan cinye naman cinya. In iskar jini ta faɗi, nan take a dakata.

Babban aikin ma'aikacin ɗakin shi ne hana gaggawa. Manomin shinkafa daga Auyo ko masunci daga Guri ba ya auna sauƙi da lambobin na'ura. Tambayarsa ita ce yaushe zai koma fadama, ko ya iya jefa birgi.

"Ɗana, ga damina ta kama," dattijo kan ce.

"Baba, a bi a sannu. In kun ƙure jiki yau, kwana uku za ku yi a kwance."

Gaskiya ce, domin wasu ciwonsu kan tashi kwana ɗaya ko biyu bayan sun yi aikin ƙarfi. Shi ya sa ake raba musu aiki gida-gida: tafiya masallaci tukuna, sannan kasuwa, gona daga baya.

Gari ma yana da nasa ƙalubalen. Hazon hunturu, hayaƙin bandar kifi, ƙaiƙayin shinkafa da hayaƙin murhu duk suna tayar da tari. In kogi ya yi ambaliya, kamar a 2020 da 2022, hanyoyin ƙauyuka kan yanke, majiyyaci ya yi makonni bai leƙo ba. Don haka ake shigo da ɗan rakiya cikin ɗakin, ɗa ne ko mata, a koya masa atisayen da alamomin haɗari: ciwon ƙirji, jiri, ko haki ana zaune. Shi ne zai ci gaba da aikin a gida har hanya ta buɗe.