Yellowstone: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya ɓulla a WhatsApp ko TikTok, ana cewa gandun dajin Yellowstone na Amurka na dab da yin aman wutar da zai tashi duniya, har wai namun daji sun ji a jikinsu sun fara ƙaura. Abin takaici, masu yaɗa wannan magana ba sa ko ambaton haɗarin da ke kashe mutane a wurin.

Gaskiya ne gandun, wanda aka kafa a 1872, yana zaune a kan wani katafaren dutse mai aman wuta. Zafin ƙarƙashin ƙasar ne ke dafa ruwan da ke feshi sama daga maɓulɓulai sama da 500, wajen rabin irinsu na duniya. Gaskiya ne kuma ya yi gagarumin amai sau uku: shekara miliyan 2.1, da miliyan 1.3, da kimanin 640,000 da suka wuce. To amma cewa "lokaci ya yi" ƙarya ce. Dutse ba ya aiki da kalanda, kuma ba a gina lissafi a kan tazara biyu kacal. Hukumar USGS mai sa ido a wurin dare da rana ta sha bayyana cewa mafi yawan narkakken dutsen da ke ƙasa ya riga ya daskare. Ƙananan girgizar ƙasa kuwa, 1,500 zuwa 2,500 ake samu a shekara, galibinsu ba wanda ke jin su.

Batun ƙaurar namun daji kuwa, ɓaunayen da aka gani suna sheƙa gudu a kan titi a wani bidiyo na 2014, cikin gandun suka nufa, ba waje ba. Bidiyoyin da suka karaɗe intanet a 2025 ma hukumar gandun ta ƙaryata su.

Fashewar 23 ga Yuli, 2024 a Biscuit Basin fa? Ta faru. Baƙin ruwa da laka da duwatsu suka yi sama, hanyar katakon da masu ziyara ke bi ta ragargaje, mutane suka ranta a na kare, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Sai dai ba aman wuta ba ne. Ruwa ne mai tsananin zafi ya rikiɗe tururi nan take a ƙarƙashin ƙasa, kamar tukunyar da aka toshe wa baki a kan murhu.

Labarin da mutane suka fi ɗauka almara shi ne ya fi zama gaskiya. A 2016 wani matashi ya sauka daga hanyar katako a yankin Norris, ya zame ya faɗa ruwa mai zafi da sinadarin asid. Da masu ceto suka koma washegari, ba su tarar da gawar ba, ta narke. Fiye da mutum 20 ne ruwan zafin gandun ya hallaka. A wurare da dama ƙasar ɓawo ce kawai, a ido busasshiya, tafasasshen ruwa na kwance a ƙarƙashinta. Wanda ya saba ninƙaya a ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya yi zaton duk ɗaya ne: wasu tafkunan Yellowstone sun haura digiri 90.

Launukan tafkin Grand Prismatic ma ba aikin kwamfuta ba ne. Wasu ƙananan halittu ne masu rayuwa a ruwan zafi ke ba bakinsa ruwan ɗorawa da ruwan lemo. Ɗan Adam dai ya taɓa ɓata launin wani tafkin: Morning Glory ya rasa shuɗinsa saboda tsabar kuɗi da tarkacen da masu ziyara suka yi ta jefawa har suka toshe mashigar ruwansa.

Don haka mai karatu, in irin wannan bidiyo ya shigo wayarka, ka daure kada ka tura gaba. In kuma Allah ya kai ka can, ka tsaya a kan katako, ka riƙe hannun yaranka.