Dutsen da ya sha ruwa ya ɗaga wani gari a Jamus

A ƙarshen shekarar 2007 mazauna Staufen, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Jamus, suka fara ganin bangayen gidajensu na tsagewa. Ba girgizar ƙasa aka yi ba. Garin ne ke tashi sama, kusan santimita ɗaya a kowane wata.

Mafarin abin rijiyoyin burtsatse ne guda bakwai, masu zurfin kusan mita 140, da aka haƙa domin ɗumama ofishin magajin gari da zafin ƙarƙashin ƙasa. Haƙan ya buɗe wa ruwa hanya zuwa wani dutse da ake kira anhaidarait.

Anhaidarait da jifsam, wato dutsen da ake yin hodar POP ta silin da shi, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: sinadarinsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne jifsam na riƙe da ruwa a jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Idan anhaidarait ya sha ruwa ya koma jifsam, yakan kumbura da kusan kashi 60 cikin 100.

Zafi da gishiri ne ke yanke hukuncin wanda zai rikiɗe ya koma wani. A ruwa mara gishiri, jifsam ne ke zama daram matuƙar zafi bai kai wata iyaka ba, wadda masana ke sanyawa tsakanin digiri 42 da 58 a ma'aunin Salshiyos. Da an haura ta, sai anhaidarait ya karɓe.

Gishiri kuwa kishiya ne wajen neman ruwa, yana ƙwace shi daga dutsen. A ruwan da ya ƙoshi da gishiri iyakar kan sauko zuwa wajen digiri 20. Shi ya sa a filayen gishiri na gaɓar tekun Abu Dhabi ake samun anhaidarait dab da saman ƙasa.

A ƙarƙashin Staufen akasin haka aka samu: ruwa mai sanyi, kuma ba na gishiri ba. Dutsen ya yi ta sha yana kumbura, har sama da gine-gine 250 suka tsattsage, ciki har da ofishin da aka so ɗumamawa.

Daga baya an toshe rijiyoyin da siminti, aka kafa injinan zuƙe ruwa. Tashin ya ragu ƙwarai, amma an kwashe shekaru ƙasar ba ta daina motsi ba.