Bagaruwa, zuma da alobera: me ke warkar da miki, me ke busar da shi kawai?

Mai tallan magani a bakin tasha, da lasifikarsa a kan mota, ba ƙarya zalla yake yi ba idan ya ce Turawa ma daga itatuwa suke haɗa maganin rauni. A 2012 Tarayyar Turai ta amince da NexoBrid, wanda ake tacewa daga karan abarba. Likitoci na shafa shi a kan ƙuna mai zurfi, cikin awa huɗu ya narkar da mataccen nama. A 2022 ta amince da Filsuvez, wanda aka haɗa da sinadarin ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi, don masu wata cutar gado da fatarsu ke saluɓewa da ɗan taɓi. Inda mai talla ya kauce shi ne abin da ya ɗora a kai: wai tunda haka ne, garin da ke ledarsa zai rufe kowane miki, ko gyambon shekara goma ne.

A fara da bagaruwa, wadda ta fi kowane itace suna a wannan fanni. Ana barbaɗa garinta a kan kaciya, ana wanke rauni da ruwanta, kuma duk wanda ya gani zai shaida jini na tsayawa, wurin ya ƙame. Gaskiya ne, dalilin kuma sananne ne. 'Ya'yan bagaruwa cike suke da sinadarin tanin, wanda ke damƙe nama ya tsuke shi. Da shi majeman Kano ke jeme fatar akuya ta daina ruɓewa. Sai dai abin da ake so a fatar da aka feɗe ba shi ake so a fatar mai rai ba.

An taɓa gwada wannan a asibiti, ba a ji da daɗi ba. A 1925 wani likita a Detroit ta Amurka, Edward Davidson, ya fara jiƙa ƙuna da ruwan tanin. Wurin kan yi baƙin ɓawo, zafi ya ragu, sai hanyar ta bazu a duniya. A shekarun 1940 aka gano cewa masu ƙuna mai faɗi hantarsu na lalacewa saboda tanin ɗin da jiki ke tsotsa, ga mugunya na taruwa a ƙarƙashin ɓawon. Aka watsar da ita. Ɗan ƙwarzane ba zai kai ga hanta ba, kada a yi wa bagaruwa ƙazafi, amma haɗarin na ƙaruwa da faɗin raunin.

Babbar jita-jitar ma ba ta wani itace ba ce, ita ce cewa miki sai ya bushe zai warke. A 1962 George Winter a Ingila ya nuna, a jikin aladu, cewa raunin da aka rufe aka bar shi da laima sabuwar fata na rufe shi kusan ninki biyu a sauri fiye da wanda aka bari ya sha iska. Ƙwayoyin fata rarrafe suke daga gefen miki zuwa tsakiya, busasshen ɓawo kuwa tare musu hanya yake. Yawancin bandejin zamani a kan wannan aka gina su.

Zuma ta fi kowa tsira daga wannan tankaɗe. Sukarinta na zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami, sannan in ta haɗu da ruwan miki takan riƙa fitar da wani sinadari mai kashe su a hankali. A 1988 Spencer Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya wallafa yadda ya yi wa marasa lafiya 59 magani da zuma, mafi yawansu bayan maganin asibiti ya gaza, 58 suka samu sauƙi. Ɗayan da ya ƙi, daga baya aka gano gyambon Buruli ne, wanda ƙwayar cutarsa 'yar'uwar ta tarin fuka ce, sai da maganin sha. Binciken da ya biyo baya ya nuna amfanin zuma a ƙuna marar zurfi, amma a tsohon gyambon ƙafa hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Kuma zumar asibiti sai an kashe ƙwayoyin cikinta kafin a sa. Ta kasuwa, wa ya san yawan sukarin da aka dama a ciki?

Alobera na sanyaya 'yar ƙaramar ƙuna. Amma a wani gwaji na 1991 a Amurka, matan da ɗinkin tiyatarsu ya buɗe aka sa musu ita sun ɗauki kwana 83 kafin su warke, waɗanda ba a sa musu ba kwana 53.

Masu cewa raɗaɗi alamar magani na aiki ne, su ma a duba zancensu. Ɗanyar tafarnuwa na kashe ƙwayoyin cuta a kwalbar gwaji, amma in aka ɗaure ta a jiki ƙona fata take yi har ta yi bororo. Nonon tumfafiya kuwa, in ya fantsama a ido, yana iya dusashe gani.

Abin da ya fi damuna bai shafi sinadari ba. Ganyen da aka shanya a ƙasa, aka daka a turmi, yana iya ɗauko ƙwayar tetanus, mai sarƙe haƙora, wadda ke zaune a turɓaya da kashin dabbobi. Cibiyar jariri da kaciya su ne ƙofofinta mafi sauƙi, shi ya sa asibitocin Najeriya ke ba masu jego man kulohezidin don cibiya. Sabuwar ƙuna kuwa ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara mata na minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Mai ciwon sukari da ya ga miki a ƙafarsa, ko ba ya jin zafinsa, ya nufi asibiti a ranar.