Saƙon Murya: Yadda Mai Kaya Zai Sa a Neme Shi

A Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, ciniki yakan fara tun kafin a haɗu a kasuwa. Dillalin dabbobi da mai awon gero da mai ɗinki, kowa yana danna salula ya aika saƙon murya. Tun da WhatsApp ta fito da wannan hanya a 2013 ta samu karɓuwa a Nijar, domin wanda bai yi boko ba ma zai faɗi abin da ke bakinsa da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. Sai dai da yawa suna kukan cewa sun aika, an saurara, amma shiru. Galibi matsalar tana cikin saƙon ne.

A tuna da halin wanda ake aika wa. Alhajin da ke sayen tumaki daga Maraɗi ko Jibiya, in Babbar Salla ta gabato, saƙonni ne jibge a wayarsa. Yana cikin hayaniya, ya kanga waya a kunne, ya ji farkon saƙo ya wuce na gaba. Wanda ya cinye minti biyu yana tambayar gida da iyali da gajiya da zafi, kafin ya kai ga maganar rago an riga an bar shi. Gaisuwa wajibi ce a wurinmu, amma sallama da “ina wuni” sun wadatar. Sauran a bari sai an kira.

Bayan gaisuwa, mutum ya faɗi ko shi wane ne, da inda aka san shi ko wanda ya ba shi lambar. Baƙuwar murya ba ta samun amsa sai ta jingina da sananne. Daga nan sai kaya, dalla-dalla. “Akwai kaya masu kyau” ba magana ba ce. Ga yadda ya fi: “Salamu alaikum Alhaji, ina wuni. Dillalin nan ne na Dakoro da ya haɗa maka raguna bara. Na samu balami takwas, kiwon gida, ga hotonsu na turo. Mai su zai kai su kasuwa jibi. In kana so in tsayar maka, ka kira ni yau bayan la'asar.” Bai kai rabin minti ba, amma Alhaji ya san mai magana, ya san kaya, ya san wa'adi, ya kuma san abu ɗaya da ake so ya yi.

Maganar kuɗi tana son kulawa ta musamman. Mu nan da dala da jika muke lissafi, mai saye daga Katsina kuwa da naira yake tunani. Duk wanda zai ambaci farashi ya fayyace sefa ne ko naira, tiya ce ko buhu, ya kuma maimaita adadin a hankali. Ya faɗi yadda za a biya, ko hannu da hannu ko ta kamfanin aika kuɗi kamar Nita ko Amana. Wani yakan ɓoye farashi da gangan don a kira shi. Wannan yana yi da tsohon abokin ciniki, amma sabon mutum yakan ɗauka wahalar da shi za a yi.

Lokaci ma yana da nasa. Makiyayin da ke kwarin Tarka ko wajen Bermo yakan kwana biyu ba rezo, sai ya shigo gari ya yi caji saƙonni su sauko masa gaba ɗaya. Wanda ya ce masa “gobe” ya ruɗa shi, don bai san wace goben ba. A ambaci ranar da sunanta. A kuma nemi wurin da ba iska ba ƙarar babur kafin a ɗauki murya, a guji lokacin salla da tsakar dare. In kwana ɗaya ya wuce ba amsa, a sake aika gajeren saƙo mai sabon bayani. Jera saƙo biyar da “ka ji ni kuwa?” yana korar mai saye.

Abu na ƙarshe shi ne gaskiya. Saƙon murya yana zama a waya, ana tura wa wasu, ana kunna shi a gaban shaidu ranar da rigima ta tashi. Wanda ya ce rago lafiyayye ne alhali yana tari, ko ya ƙirƙiro wani mai saye don ya tsorata Alhaji, ya ba da hujja a kansa da bakinsa. In akwai aibi a faɗe shi tun a saƙon farko. Mai saye zai iya barin kayan a wannan karo, amma in ya sake ganin lambar zai ɗauka.